Jan Farce a Murfin Roba

Da na san abin da robar askirim za ta jawo mana, da ban bar matata Yvette ta ɗora tukunya ba ranar Juma'ar nan. Da sassafe na farka. Na daɗe zaune a bakin gado ina kallon kwat ɗina da ke rataye a bayan ƙofa, wadda rabona da sa ta tun jana'izar mahaifiyata, jikina yana ba ni cewa yau ba za mu dawo gida yadda muka fita ba.

Ni direban bas ne a nan birnin Leeds na ƙasar Turawa, karatuna bai wuce sakandare ba. 'Yarmu ɗaya ce, Jacinta. Kamfanin lauyoyi na Holroyd Pask ne yake biya mata karatun lauya, a cikin shirinsu na ɗaukar nauyin 'ya'yan baƙar fata da 'ya'yan talakawa waɗanda iyayensu ba su taɓa taka jami'a ba. Bana ce shekarar ƙarshe, kuma mutum ɗaya za su riƙe su ba shi aiki. Saura su biyu: ita da Marlon, ɗan abokina, wanda muke coci ɗaya da iyayensa.

Kowane ɗalibi an haɗa shi da lauya mai yi masa jagora, wanda zai rubuta wa manya yadda ya ga ƙwazonsa. Na Jacinta shi ne Rufus. Dokar kamfanin kuwa ba a ɓoye take ba: babu soyayya tsakanin jagora da ɗaliba, in ta ɓullo a faɗa nan take a canza jagora. In aka ɓoye, ɗaliba ta rasa tallafi, lauya ya rasa aiki.

Jacinta da Rufus kuwa suna soyayya, kuma ba su faɗa ba. Tun Kirsimeti Rufus yake zuwa gidanmu cin abincin Lahadi.

Na samu Jacinta zaune a matattakala tana goge takalminta.

"Jacinta, matsa in zauna."

"Baba, in maganar nan ce, don Allah ka bar ta sai gobe."

"Goben nake tsoro. Saura kaɗan su yanke hukunci. Ki ce wa yaron nan ya daina zuwa, ki share shi daga wayarki. In aiki ya shigo hannu, kya yi abin da kika ga dama."

"Kana nufin in ajiye shi kamar laima, in ruwa ya sauko in ɗauka?"

"Ina nufin ki tsira. Shi in aka kore shi, ubansa zai ɗaga waya sau ɗaya ya samar masa wani wurin. Ke wa zan kira miki? Mai duba tikiti?"

Ta yi murmushi, amma idonta ya kawo ruwa.

"Ga Marlon," na ce, "ɗan gida. Mun san uwarsa, mun san ubansa. Har garejin bas ya zo ya same ni, ya cire hula ya ce yana sonki."

"Marlon yayana ne, Baba. Tare muka yi wa Fasto satar biskit."

"Ai daga nan ake farawa."

"Ni ba daga nan na fara ba." Ta ajiye takalmin. "Ka ɗauka ni ba na jin tsoro? Kullum na shiga ginin nan sai na ji kamar an rubuta a goshina. Na so in faɗa tun farko, na ce bari a wuce jarrabawa. Aka wuce, na ce bari a wuce wani abin. Yanzu ya riga ya rubuta musu a kaina. In na faɗa, wa zai yarda abin da ya rubuta gaskiya ne?"

Sai Yvette ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Ku biyun nan, in kun gama zaman makoki ku zo ku ɗauki kaya. Orville, in ka zubar mini da miya a mota, a ƙafa za ka dawo."

Ranar ce ranar iyalai a kamfanin. Sun gayyaci iyayen ɗalibai, sun ce kowane gida ya kawo abincin gidansu. Yvette ta ɗauki abin kamar gasa. Ta yi farfesun akuya irin na tsibirin Nevis, asalin iyayenta, yadda uwarta take yi, da shinkafa da wake, da soyayyar agade. Ta zuba a robobin askirim da take tarawa a saman firij.

Kowace roba a gidanmu tana da alama. Tun da matan coci suka cinye mata kwanuka a wajen bukukuwa, Yvette take ɗiga jan farce sau uku a murfi, sau uku a gindi. Na saba ganinsu har na daina ganinsu. Kuma duk Lahadi, in Rufus zai tafi, sai ta cika masa guda ta ce ba a fita gidanta hannu rabbana. Ban taɓa tambayar kaina ina yake kai ta ba.

Na ɗauki robobin na sa a mota da hannuna.

Ɗakin taron yana can sama, duk gilashi, kana hango tashar jirgin ƙasa a ƙarƙashinka. Kwat ta matse ni a hammata. An jera abinci a dogon tebur, ga na Pakistan, ga na Poland, ga wani kek da uban wata yarinya ya saya a kanti yana ta ba da haƙuri. Lauyoyi suna zagayawa da ƙananan faranti suna cewa abin sha'awa.

Rufus yana can ƙarshen ɗakin, dogo, siriri, ya juya mana baya. Yaron da ke zama a kujerata ranar Lahadi yana gumi saboda barkono, Yvette tana tsokanarsa wai fuskarsa ta koma tumatir. Da ya zo gaishe mu sai ya miƙo hannu kamar bai taɓa ganina ba.

"Mista Liburd, ko? Na ji daɗin haɗuwa da kai."

Yvette ta buɗe baki, na taka mata ƙafa.

Ina tsaye ina neman inda zan ajiye kofina sai na ji an taɓa gwiwar hannuna. Marlon ne, cikin kwat mai kyau, amma fuskarsa babu walwala.

"Kawu, zo mu ɗan matsa."

Muka tsaya bayan wata tukunyar fure.

"Wa ya ce Anti ta kawo abinci a robobin nan?"

"Da a me za ta kawo? A hula?"

"Kawu, duk Litinin akwai roba irin wannan a firij ɗin ofis. Ɗigo uku na ja. Rufus yana ɗumama ta da rana, ƙamshin ya cika benen nan. Har suna ya samu, wai mai farfesun Litinin. Suna tambayarsa inda yake samu, yana cewa maƙwabciya ce."

Na waiga na dubi robobinmu a kan tebur.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar farko. Ni da na girma ina mayar wa Anti robobinta daga coci?"

"Kuma ba ka faɗa ba."

"Ban faɗa ba." Ya kalli ƙasa. "Kullum ina ganin robar, ina sanin a teburin da na so in zauna ya ci. Ka san yadda abin yake? Amma ban faɗa ba."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana."

"Kada ka yi saurin sa mini albarka, Kawu. Mako mai zuwa Madam Pask, mai kula da shirin, za ta gana da kowannenmu. Takan tambaya ko mun san wani abin da ya taɓa adalcin zaɓen. In ta tambaye ni, ba zan yi ƙarya ba. Nima uwata wankin asibiti take yi."

"Marlon..."

"In Jacinta ta rabu da shi kafin nan, zan iya cewa ban san wani abu da ke gudana ba, kuma ban yi ƙarya ba. Ka gaya mata. Ka kuma gaya mata maganata tana nan, ban janye ba."

Ya tafi ya bar ni da furen.

Ban tsaya tunani ba. Na nufi tebur, na fara tattara murafan a hankali ina turawa cikin aljihun kwat. Na samu biyu, na samu na uku. Maiƙon miya yana bin yatsuna. Ina cewa a raina in murafan suka ɓace, ai babu mai ɗaga roba ya leƙa gindinta.

"Ga maigidan nan. Orville, zo ka gaida Madam."

Yvette ce, tana tsaye da Madam Pask, gajeriyar mata mai furfura da tabarau rataye a wuya. Ita ce shugabar shirin, ita ta sa hannu aka ɗauki Jacinta. Tana riƙe da cokali.

"Mista Liburd, matarka za ta sa in bar aikin lauya in koma almajirarta a kicin. Amma kamar na san ƙamshin nan."

"Farfesu ai duk ɗaya ne, ranki ya daɗe," na ce. "Ko'ina a unguwar Chapeltown ana sayarwa."

Yvette ta juyo ta kalle ni kamar na zagi uwarta.

"Duk ɗaya? Shekara nawa kana ci kake cewa duk ɗaya? Madam, kada ki saurare shi, ko ruwan zafi bai iya dafawa ba. Babu mai yin irin nawa a garin nan."

Madam ta yi dariya, ta ɗaga robar don ta karkato sauran romon. Robar ta kusa ƙarewa. Hasken taga ya ratsa gindinta, ɗigon nan uku suka fito jajir.

Ta tsaya. Ta sa tabarau.

"Wannan alamar fa?"

Na tura hannu aljihu na danne murafan.

"Tawa ce," Yvette ta ce, tana gyara tsayuwa. "Jan farcena. Matan cocinmu hannunsu da ƙaiƙayi. Duk inda kika ga ɗigo ukun nan, daga kicin ɗina robar ta fito, kuma ba na ba kowa sai ɗan gida."

"Sai ɗan gida," Madam ta maimaita.

Ta ɗaga kai ta dubi ƙarshen ɗakin. Rufus yana can ya daina taunar abin da ke bakinsa. Jacinta tana kusa da taga, ta ajiye kofin hannunta. Sai a lokacin Yvette ta bi idon Madam da kallo, na ga murmushin ya zube daga fuskarta.

Madam ta ajiye robar a hankali, ta goge yatsunta.

"Na gode da abinci, Misis Liburd. In an gama jawabi zan kasance a ofishina na ɗan lokaci, ko da wani yana son ganina kafin Litinin."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta wuce ta je tana gaisawa da uban mai kek.

Ban ji ko kalma ɗaya daga jawabin ba. Ana tafi na ja Jacinta zuwa matattakalar baya, inda babu kowa sai bokitin masu shara. Yvette ta biyo mu tana toshe baki da hannu. Rufus ya shigo a ƙarshe ya rufe ƙofa.

"Ni na kashe ki," Yvette ta ce. "Ni da bakina."

"Mama, ba ke ba ce."

"Laifina ne," Rufus ya ce. Fuskarsa ta yi fari fat. "Ni na riƙa kawo robar nan. Abincin ne ba na iya bari ya kwana biyu. Yanzu zan shiga in ce ni na matsa mata, ita ta ce a faɗa na hana. In ajiye aikin."

"Ka tsaya inda kake," Jacinta ta ce.

"Jas, ki bar ni in..."

"Na ce ka tsaya. Tun ranar da na shigo ginin nan akwai masu cewa don launin fatata aka ɗauke ni, don hoton kalanda. Na yi karatu har idona ya fara ciwo don in rufe musu baki. Yanzu za su ce ashe saurayi ne ya rubuta mata. In kuma ka riga ni shiga, sai su ce ko bakinta ma sai da Bature ya ara mata."

Ya jingina da bango.

"Ku saurare ni," na ce. "Abu mai sauƙi ne. A ce Yvette tana sayar da abinci. Rufus yana saye duk mako. Ni zan rantse, ni nake kai masa a bas."

"Ta ce ba ta ba kowa sai ɗan gida, Baba. A gabanka."

"Ai mace in tana yabon girkinta komai tana faɗa."

"Orville," Yvette ta ce cikin kuka, "ko yanzu sai ka taɓa ni?"

Jacinta ta kama hannuna. Sai ta ji maiƙo, ta duba, ta ga murfi yana leƙe daga aljihuna. Ta zaro shi. Ta zaro na biyu. Ta fara dariya, dariyar ta koma kuka, ta kifa kanta a ƙirjina.

"Baba, sata ka koma saboda ni?"

"Zan yi abin da ya fi haka."

"Na sani. Amma ba ka gane ba. Ɓoye soyayya, tallafi zai ci. Ƙarya kuwa, in aka kama ni na yi wa kamfani ƙarya, ba za a taɓa ba ni lasisin lauya ba, ko a nan ko a wani gari. Har abada."

Ban san haka ba. Na ji kamar bas ta ƙwace mini a gangara.

"To ki rabu da shi," na ce, a gaban yaron, ban ji kunya ba. "Ki shiga ki ce an yi, an gama, kin tuba. Marlon ya ce in kin rabu da shi zai kama bakinsa. Madam mace ce mai tausayi, na gani a idonta. Ki ba ta abin da za ta riƙe ta kare ki da shi."

"Marlon ya sani?"

"Tun farko."

Ta share hawaye da bayan hannu.

"Kuma sharaɗinsa ke nan."

"Yaron yana sonki."

"Yana son aikin kuma. Ban ga laifinsa ba."

Rufus ya ɗago. "Mista Liburd ya yi gaskiya, Jas. In rabuwa da ni zai tsirar da ke, ki faɗa mata haka. Ba zan musa ba. Ba zan sake zuwa ranar Lahadi ba."

"Ji shi," Yvette ta ce tana jan hanci. "Wa zai ci barkonon da na saya?"

Babu wanda ya yi dariya.

"Da gaske kake?" Jacinta ta tambaye shi. "Za ka iya wuce ni a baranda kullum ka ce barka da asuba, Mis Liburd?"

"Ba zan iya ba. Amma zan yi."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juyo gare ni, idanunta jajir.

"Baba, ranar da takardar ɗaukata ta zo, ka tsayar da bas a gefen titi ka yi kuka, fasinjoji suna zaginka. Ka tuna abin da ka ce mini a waya?"

Na tuna. Na ce mata daga yau babu wanda zai sake yi mata magana kamar yadda ake yi mini.

"In na shiga na sayar da shi don in zauna, kullum zan san da me na biya kujerar. In na riƙe shi na rasa aikin, kullum in na kalle ka zan ga bas ɗin nan a gefen titi. Ka gaya mini wanne zan iya ɗauka."

"'Yata, ni tuƙi na iya."

"Na sani, Baba."

Ta sumbaci goshina. Ta ciro madubi daga jaka ta gyara fuskarta, ta miƙe rigarta. Rufus ya taka zai bi ta, ta ɗaga masa hannu ba tare da ta waiwaya ba. Murfi ɗaya yana hannunta, ba ta mayar mini ba.

Muka bi ta daga nesa. Ofishin Madam Pask yana ƙarshen baranda, ƙofarsa ta katako ce, ita kaɗai ce ba gilashi ba a duk benen. A bakin ɗakin taro Marlon yana tsaye da faranti a hannu. Jacinta ta tsaya a gabansa, ta ce masa wani abu a hankali. Ban ji ba. Na ga dai ya ajiye farantin, ya bi ta da ido.

Ta ƙwanƙwasa. Aka ce ta shigo. Ƙofa ta rufe.

Akwai kujeru uku a jikin bango. Na zauna a tsakiya, Yvette a damana tana murza gefen mayafinta tana addu'a ƙasa-ƙasa, Rufus a haguna ya haɗa kai da gwiwa. Masu shara suka fara kwashe tebur. Wata daga cikinsu ta zo da robobinmu a jere, an wanke, ta ce ko namu ne, ta ga babu murafai. Na zaro sauran daga aljihu na ba ta. Ta kalle ni, ta karɓa ta rufe robobin.

Na kasa kunne ko zan ji kuka, ko faɗa, ko jan kujera. Babu abin da ke fitowa ta ƙofar nan.

"Me ta ce maka za ta faɗa?" na tambayi Rufus.

"Ba ta gaya mini ba, Mista Liburd."

"Kai da ka san ta?"

"Na ɗauka kai za ka sani."

Na sa ido a hannun ƙofar. Ban san ko 'yata ta shiga ta ajiye yaron nan ba ne, ko ta ajiye karatun da muka ɗora rayuwarmu a kai. Ban san abin da ta gaya wa Marlon ba, ban kuma san ko Madam Pask za ta bar mata zaɓi ba.